Sabar da Ta Yi Gudun Ruwa Ta Dawo Ba Ta Gane Kowa

Bari in faɗa tun yanzu kafin wani ya riga ni: ba ruwa ne ya kwantar da sabar shagon Baffa ba, wato babbar kwamfutar da sauran ke jingine da ita. Ko ɗigo bai taɓa ta ba. Duk wanda ya ce maka ruwa ne, daga bakin Injiniya ya ji, shi kuwa Injiniya ko akuya ce ta yi tari a gabansa, cewa zai yi a goge ta a sa sabuwa.

Baffa ƙanin babana ne. Yana da shagon kwamfuta a Haɗeja, ba nisa da kasuwa, inda ake buga takardu, ana kuma koya wa yara yadda ake amsa jarrabawa a kwamfuta. Sunan kakata na ci, wato mahaifiyarsu, don haka ba ya kama sunana. In yana cikin daɗin rai, "uwata" nake. In na yi ɓarna kuwa, nan take zan koma "ke yarinyar nan".

Ina shekara goma sha huɗu na gano wata tsohuwar kwamfuta a lungun shagon, mai nauyin buhun shinkafa, an mai da ita wurin ajiye darduma da butar shayi. Na nace wa Baffa har ya gaji ya ce in ɗauka in bar masa kunnensa. Na sa mata Linux, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya leƙa cikinsa, sannan na ɗora wata manhaja da ke raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar guda huɗu. Baffa bai gane ba sai da na ce masa gidan haya ne: gida ɗaya, ɗaki huɗu, kowane ɗan haya yana zaton shi kaɗai ne a gidan. Uku na ɗalibai ne, suna shiga ta wasu tsofaffin laftof da su kansu ko gaisuwa da ƙyar suke amsawa. Na huɗun shi ne dattijon gida, wani tsohon tsari wanda shi kaɗai babbar firintar Baffa take jin maganarsa. Wannan kwamfutar ita ce saba, kuma ni na haɗa ta da hannuna. Shekara biyu tana aiki. Da yake shagon a kan sola yake, ko sau ɗaya ba a taɓa zare ta daga soket ba.

Sai damina ta yi ƙarfi a hutun da na cika sha shida. Mu a nan in aka ce kogi ya kawo, ba a tsayawa musu. Maza su tafi jinga da buhunan yashi, mata su ɗaga tukwane da katifu, kowa kuma ya kwashe abin da yake ji da shi ya kai gidan dangi da ke kan tudu. Baffa ya kira mai keke, aka zare duk wani abu mai waya a shagon, aka nufi gidan Gwaggo, yayarsu. Ni na rungume saba a cinya, na lulluɓe ta da hijabina na biyu, ina yi wa mai keken faɗa a kan kowane rami. Gwaggo ta ɗora ta a saman kabad, tsakanin kwallar tsakin masara da akwatin lefen da ba a buɗe ba tun kafin a haife ni. Sati uku ta yi a can.

Ruwa ya ci gonakin shinkafa na bakin fadama, ya leƙo wasu unguwanni, amma bai iso shago ba. Ranar Laraba muka dawo da kaya. Ajin ɗalibai zai koma ranar Asabar, har da waɗanda ke tahowa daga Kaugama da Miga a kan babur.

A nan na yi abin da har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na jona ta, na kunna, ta fito da wani ɗan rubutu fari a baƙin allo, ta ce in danna wani maɓalli. Na danna ban karanta ba, kamar yadda kowa a shagon yake yi da duk wani rubutun da ya tare masa hanya. Ta tashi lafiya lau. Mai hankali zai fara leƙa 'yan hayan nan huɗu ya ga ko sun dawo da ransu. Ni kuwa na ce sati uku ba ta sha sabuntawa ba, bari in yi mata gata. Na haɗa ta da datar wayata. Ta yi ƙorafi wai kwanan watanta ba daidai ba ne, na gyara mata da hannu ina tsaki, na ce zaman gidan Gwaggo ne ya rikita ta. Ta sauke sabbin kaya har da sabon kanel, wato zuciyar tsarin da komai ke ratsawa ta cikinta. Na sake kunna ta, na danna ɗaki na farko.

Ya ƙi. Na biyu ya ƙi. Na uku ma haka. Dattijon gida kuwa ko motsi bai yi ba.

Saƙon da ta ba ni, in an fassara shi da Hausar mutane, cewa yake manhajar raba ɗakuna da sabon kanel ba su san juna ba. Akwai wani ɗan guntun abu da ke haɗa su, kamar tafinta, to shi wannan tafintan yaren tsohon kanel kaɗai ya iya. Na ce ai wannan da sauƙi, a sake gina tafinta. Na ba da umarni, allo ya cika da rubutu yana gudu kamar ruwa ya fasa jinga, sai a ƙarshe ya tsaya ya ce ya kasa. Na sauke abin da ya ce babu, na sake. Ya kasa a wani wurin daban. Na sake. Wallahi a yinin nan na karanta Turancin da ya ishe ni har in aurar da jikokina.

Na shiga zaurukan intanet inda masu irin wannan ciwon ke kai kuka. Na sami wani bawan Allah a wata ƙasa mai sanyi da ya yi tambayata sak, shekaru da dama baya. Zuciyata ta yi fari. Na gangara ƙasa in ga amsa, sai na tarar shi da kansa ya dawo ya rubuta cewa ya gyara, ya gode. Bai faɗi yadda ya yi ba. In Allah ya haɗa ni da mutumin nan, akwai zama.

Baffa ya leƙo da takardun wani maigida da ke son a buga masa.

"Uwata, firinta fa?"

"Tana hutawa, Baffa."

"Sati uku tana hutawa. Me kika yi?"

"Ni? Gata na yi mata."

Ya dube ni, ya dubi allo, ya fita. Wannan fitar ta Baffa ta fi faɗa ciwo, domin na san wa zai kira.

Ranar Alhamis da hantsi Injiniya ya iso. Abokin Baffa ne tun suna yara, mai gyaran kwamfuta ne, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, hannunsa yana da kyau a kan waya da allon da ya fashe. Amma magani ɗaya gare shi ga duk abin da ke cikin kwamfuta. Yana yawo da wani filas ja, ɗan abin ajiye manhaja da ake soka wa kwamfuta, rataye a wuyansa kamar laya, kuma da wannan filas ya goge rabin Haɗeja.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon saba, ya ƙwanƙwasa gefenta da yatsa kamar mai sayen kankana.

"Ruwa ne," in ji shi.

"Malam, a saman kabad ta zauna."

"Raɓa ce to. Ai duk ruwa ne. Kuma wannan tsarin naki, 'yata, ba na ƙasar zafi ba ne. Ki bari in goge in sa na mutane, kafin azahar kowa ya huta."

"In ka goge, ɗakunan fa?"

"Wane ɗaki? Kwamfuta ce ko otal?"

Baffa ya yi dariya, ni ban yi ba. Na tashi na je na zauna a kan saba. A kanta fa, ba kusa da ita ba. Na naɗe hannu na ce duk mai son ya goge ta sai ya fara da ni.

"Ke yarinyar nan, sauka!" in ji Baffa. "Me ya shiga kanki?"

"Baffa, shekara biyu na yi ina haɗa ta. Ko kwana biyu ba za a ba ni ba?"

"Yara na zuwa daga ƙauye ranar Asabar. In ce musu me? Su koma, uwata tana bincike?"

"Ka ce musu su zo."

Injiniya ya ce shi bai taɓa ganin mara lafiyar da ya hana a kira masa likita ba. Na ce ni ma ban taɓa ganin likitan da ke yanke kai don ciwon haƙori ba. Baffa ya daka mini tsawa, amma na ga yana ƙunshe dariya a gefen bakinsa. A ƙarshe ya yanke hukunci: Asabar, ƙarfe goma na safe. In ɗakuna huɗun nan ba su tashi ba, firinta kuma ba ta buga ba, Injiniya zai goge, ni kuma in koma ɗaukar hoton takardu da ɗinke su, ba ni ba taɓa cikin kwamfuta a shagonsa.

Da suka fita sai na sauka, domin gaskiya kusurwar ƙarfen ta fara cin mini jiki.

Yammacin ranar na daina taurin kai da sabon kanel. Linux yana da wani hali mai kyau, ba ya zubar da tsohon kanel nan da nan, yana ajiye shi a gefe. Na sake kunna ta, na tare ta tun tana tashi, na zaɓi tsohon. Tafinta ya gane mutuminsa, wancan saƙon ya ɓace. Na yi tsalle har na ture kujera. Na danna ɗaki na farko.

Ya ƙi.

Sabon saƙo ne wannan karon, kuma shi ya fi ba ni haushi. Wai ƙwaƙwalwar wannan kwamfutar ba ta da ikon ɗaukar wasu kwamfutoci a cikinta. Na ce mata, da ƙarfi, har mai shayin ƙofar shago ya leƙo: "Ke! Shekara biyu kina goyon huɗu, yau kuma ki ce ba ki taɓa goyo ba?" Na cire manhajar na sake sawa. Na sauke wadda ta girme ta, na gwada. Duk bakinsu ɗaya. Inna kuma ta aiko a ce mini in magariba ta same ni a waje, in nemi gidan kwana a cikin kwamfutar. Na rufe shago na tafi, ina tafe ina lissafa ƙasashen da zan gudu.

Abin da ya fara cin raina shi ne, to in Injiniya ne mai gaskiya fa? In da gaske raɓa ta taɓa ƙwaƙwalwar? Ranar Juma'a da safe na ce bari in gani da idona. Na kashe ta, na zare ta daga soket, na kwance murfin. A ciki na tarar da yanar gizo-gizo, ƙura, da ƙwayar tsakin masara guda biyu da ban san yadda suka shiga ba. Ruwa kuwa babu ko alamarsa, cikin a bushe ƙamas kamar bandar kifi. Na hure ƙurar, na rufe, na mayar da waya, na kunna.

Ɗan farin rubutun nan na ranar Laraba ya sake fitowa. Yatsana har ya kai kan maɓalli, sai na janye shi. Na karanta. Layi biyu ne kacal. Cewa yake agogo ya ɓace, kuma an mayar da saiti yadda yake daga kamfani. Na duba kwanan wata, sai ga ta ta koma farkon wata shekara da nake rarrafe.

Na zauna a ƙasa na yi dariya ni kaɗai kamar sabuwar hauka.

A cikin kowace kwamfuta irin wannan akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo. Aikinsa shi ne ya riƙe agogo da saitin can ƙasa, wanda ake kira bayos, in an zare wuta. Namu ya mutu, Allah kaɗai ya san tun yaushe, amma ba wanda ya sani, tunda sola ba ta taɓa barin ta da yunwa ba. Ranar da muka zare ta don gudun ruwa, a ranar ta manta komai. A cikin abin da ta manta har da wani maɓalli guda da na kunna da hannuna shekara biyu baya, wanda ke ba ƙwaƙwalwar izinin ɗaukar 'yan haya. Ni kaina na manta na taɓa kunna shi. Wato tun a cinyata a cikin keke ɗakunan suka rufe. Sabuntawar da na yi kuwa ƙarin kwaɗo ne na sa a kan ƙofar da take a kulle, na kwana biyu ina fama da kwaɗon da ni na sa.

Na shiga bayos, na lalubo maɓallin a wani lungu, na kunna, na adana. Ɗaki na farko ya tashi. Na biyu, na uku. Dattijon gida ya ɗauki lokacinsa, ya yi miƙa, ya yi hamma, sannan ya tashi.

Amma na san aikin bai ƙare ba, domin da an sake zare waya za ta koma gidan jiya. Na ciro mataccen batirin da farce na ruga kasuwa kafin a tashi sallar Juma'a. Akwai wani dattijo mai gyaran agogo a ƙarƙashin lema, na miƙa masa. Ya sa gilashinsa a ido ɗaya, ya juya batirin, ya dube ni.

"'Yan mata, wannan agogon naki na bango ne ko na masallaci?"

"Na kwamfuta ne, Baba."

"Ita ma agogo take ɗaurawa?"

"A ciki take ɓoye shi."

Ya ce ikon Allah, ya zaro batir guda a cikin kwalin da rana ta koɗe shi har rubutun jikinsa ya goge. Na tambaye shi ko yana da rai. Ya ce shi dai bai taɓa jin an dawo da ƙara ba, amma kuma yawancin masu sayensa daga nesa suke. Na saya haka nan, babu wani a layin. Na dawo na sa, na sake saiti, na ɗaure tsohon kanel don kada ta zaɓi sabo da kanta. Ina shirin zare waya in gwada, sai ga Baffa da makulli, ya ce Juma'a ce, a rufe, kuma Gwaggo na nemana in taya ta mayar da kayan ɗaki. Na ce minti biyar. Ya ce ko ɗaya.

Asabar tun ƙarfe tara ɗalibai suka fara sauka daga babura, ƙafafunsu duk taɓo. Injiniya ya iso goma saura, filas na lilo a ƙirjinsa. Na kunna laftof uku, kowace ta shiga ɗakinta, tambayoyin gwaji suka fito. Na tura takardar maigidan nan da ke jira tun Laraba, firinta ta yi tari, ta ja takarda, ta fito da ita tsaf. Na juya na kalli Injiniya da duk haƙoran da Allah ya ba ni.

"Ta tashi yau," in ji shi. "Gobe fa? Abin da ruwa ya taɓa ba ya da alkawari."

Na ba su labarin batir tiryan-tiryan, na ma nuna musu gawar tsohon a tafin hannuna. Na tsallake zancen sabuntawa, amma Baffa ya san ni.

"Da wannan ɗan kwabon kaɗai kika yi kwana uku?"

"Da shi da wani ɗan kuskure."

"Na wa?"

"Na wata yarinya."

Baffa ya gyaɗa kai. Sai ya sunkuya bayan tebur. Kafin in gane me yake yi, ya fizge waya daga soket. Fankar saba ta yi shiru, laftof uku suka daskare, wani ɗan Miga ya ce, "Kai, ina kan ta bakwai!"

"Kin ce in an zare ba za ta manta ba," in ji Baffa. "To mu gani. Baɗi ma ruwa zai zo, kuma zarewa za mu yi."

Ya kira mai shayi ya kawo musu kofi biyu, shi da Injiniya. Suka zauna suna kurɓa, suna hirar farashin taki, waya na kwance a ƙasa. Ni ina tsaye, ba abin da nake gani sai kwalin nan da rana ta koɗe. Na yi wa dattijon agogo addu'a, na yi masa barazana a zuci, na sake yi masa addu'a. A rayuwata ban taɓa ganin shayin da ya daɗe kamar wannan ba. Ina jin sai da aka yi girbi aka sake shuka kafin Baffa ya ajiye kofi.

Ya miƙo mini wayar. Na jona, na danna. Allo ya yi baƙi, ya yi ƙyafta. Farin rubutun bai fito ba. Agogo ya nuna Asabar, goma da minti ashirin. Ɗakuna suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ɗan Miga ya sami tambayarsa ta bakwai ta koma ta ɗaya, ya fara mita, ba wanda ya kula shi.

Injiniya ya karɓi mataccen batirin daga hannuna ya juya shi, ya ce ai dama ya yi zargin haka. Na buɗe baki, Baffa ya harare ni, na rufe. Sai Injiniya ya tura filas ɗinsa cikin riga, ya tambaye ni a wane lungu maɓallin nan yake a bayos. Na nuna masa, a hankali, sau biyu, yadda ake nuna wa sabon ɗalibi.

Da ya tafi Baffa ya ce saba ta zauna, amma da sharaɗi: daga yau ba sabuntawa sai da izininsa.

"Baffa, ka san mece ce sabuntawa?"

"Ban sani ba. Shi ya sa ba zan bayar da izinin ba."

Na ce to. Ranar Talata na kwafe ɗakunan huɗu kaf a wani faifai na ajiye, na nemo sabuwar manhajar da ta iya yaren sabon kanel, na gwada ɗaki ɗaya tukuna, sannan na sabunta ta gaba ɗaya. Baffa yana zaune taku uku daga inda nake, yana ɗinke takardun wani, yana tambayata me ya sa nake murmushi.